Ma'aikatun Ci Da Gumi A Ƙasashe Masu Tasowa: Abin Da Rushewar Rana Plaza Ya Bayyana



Duk wanda ya taɓa juya wuyan rigar gwanjo ya duba ɗan ƙyallen da aka ɗinka a ciki, ba zai rasa cin karo da sunan Bangaladesh, ko Biyetnam, ko Kambodiya ba. Waɗannan riguna Turawa da Amurkawa aka ɗinka wa, mu sai daga baya suke iso mu, amma hannun da ya ɗinka su hannun talaka ne na wata ƙasa mai tasowa irin tamu. Wuraren da ake wannan ɗinki suna da wani suna da Turawan Ingila suka laƙaba musu tun ƙarni na 19, wanda ma'anarsa ita ce shagon gumi. Asalinsa kuwa daga teloli ne na birnin Landan, inda wani ɗan tsakiya yakan karɓi kwangilar ɗinki daga babban kanti, ya rarraba wa matalauta a ɗakunan haya, ribarsa ita ce abin da ya iya matsewa tsakanin kuɗin da aka ba shi da ladan da ya biya. A wannan lacca zan kira su ma'aikatun ci da gumi, watau wuraren da lada ya yi ƙaranci, sa'o'in aiki suka yi yawa, lafiyar ma'aikaci kuma ba ta cikin lissafi.

Tambayar da masana suka daɗe suna jayayya a kanta ita ce, shin laifi ne kamfanin ƙasa mai arziki ya sayi kaya daga irin wannan ma'aikata? Zan ɗauki ƙasa ɗaya, Bangaladesh, domin a can ne hujjar masu kare wannan sana'a ta fi ƙarfi, a can ne kuma ta gamu da jarrabawarta mafi tsanani.

Bari mu fara ba masu kariyar haƙƙinsu, gama ba wawaye ba ne, ba kuma dukansu ne 'yan koren masu jari ba. Paul Krugman, wanda daga baya ya sami lambar Nobel ta ilmin tattalin arziki, ya rubuta maƙala a 1997 yana yabon aikin arha, kuma gundarin maganarsa bai wuce abin da Bahaushe ya riga ya faɗa ba, cewa da babu gara ba daɗi. Yarinyar da ta baro ƙauye ta zo birnin Dakka tana ɗinki, ba kujerar ofis ta bari ba. Abin da ta baro shi ne aikatau a gidan wani, ko fasa bulo, ko aikin gonar da ba tata ba, ko auren da ba a shawarce ta ba. In ta zaɓi keken ɗinki a kan waɗannan, to, wane ne kai da kake zaune a Landan da za ka ce ta yi kuskure? In kuwa ka ƙaurace wa rigar da ta ɗinka don tausayinta, ita ce za ta fara kwana da yunwa.

Tarihin ƙasar yana mara wa wannan magana baya ƙwarai. A 1979 wani kamfanin Bangaladesh mai suna Desh ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu, aka tura mutum 130 zuwa Koriya su koyo ɗinkin masana'anta. Abin da ya kawo Koriyawa ba ƙauna ba ce. Akwai wata yarjejeniyar cinikin tufafi ta duniya da ta fara aiki a 1974, wadda ta ƙayyade yawan kayan da Koriya za ta iya kai wa Amurka da Turai, Bangaladesh kuwa a lokacin ba a sa mata iyaka ba. Yawancin waɗannan mutum 130 daga baya suka bar Desh suka kafa nasu kamfanonin, sana'ar ta yaɗu, har ta kai tufafi sun zama fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke sayarwa waje, da ma'aikata wajen miliyan 4, mata sun fi rinjaye a cikinsu. Wani bincike da Rachel Heath da Mushfiq Mobarak suka buga a 2015 ya nuna cewa 'yan matan ƙauyukan da ke kusa da masana'antun sun fi daɗewa a makaranta, sun kuma fi jinkirta aure da haihuwa, domin iyaye sun ga karatu da lissafi suna kawo aiki.

Daɗin daɗawa, an ga abin da tausayi marar lissafi yake haifarwa. A 1992 wani ɗan majalisar dattijan Amurka, Tom Harkin, ya gabatar da ƙudurin hana shigo da kayan da yara suka yi. Ƙudurin bai ma zama doka ba, amma tsoronsa kaɗai ya sa masana'antun Bangaladesh suka sallami yara kimanin 50,000, kuma Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto a 1997 cewa da yawansu ayyukan da suka fi muni suka faɗa, kamar fasa dutse da talla a titi. Sai da aka zo aka yi wata yarjejeniya a 1995 ta sa yaran a makaranta tare da ɗan tallafi kafin aka fara gyara ɓarnar. Duk wanda zai yi magana a kan wannan batu ya kamata ya riƙe wannan labari a ransa.

To, amma ina wannan hujja ta tsaya? Ku saurari abin da ya faru a garin Savar, kusa da Dakka, a watan Afrilu na 2013.

Akwai wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza. Sunan ba shi da dangantaka da ranarmu ta Hausa, sunan mai benen ne, Sohel Rana, ɗan siyasa a yankin. An zana ginin ne don kantuna da ofisoshi, sa'an nan aka ƙara masa hawa a sama ba da izini ba, aka zuba masana'antun ɗinki biyar da kekunansu, aka ɗora manyan janareta a saman bene. Ranar 23 ga wata bango da ginshiƙai suka tsage, aka fitar da kowa, aka kira injiniya ya duba, ya ce ginin ba shi da aminci. A ƙasan benen akwai reshen banki da kantuna. Waɗannan suka rufe, suka ce wa ma'aikatansu su zauna gida. Washegari da safe masu ɗinki suka taru a waje suna tsoron shiga, shugabanninsu suka ce ginin lafiya lau yake, wanda ya ƙi shiga kuwa zai rasa albashin watan. Suka shiga. Kafin ƙarfe tara wuta ta ɗauke, aka ta da janareta, ginin ya girgiza ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka ji rauni, wasu sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa kafin a zaro su.

Ina so ku tsaya a kan bankin nan, domin a ganina dukan maganar tana wurin. Bankin da masana'antun a ƙasa ɗaya suke, talaucin ƙasar ɗaya ne, tsagewar bangon ma ɗaya ce suka gani da idanunsu. Ma'aikacin banki ya kwana a gidansa, mai ɗinki ta kwana a ƙarƙashin kankare. Ba za a ce tattalin arzikin Bangaladesh ne ya rarrabe su ba. Abin da ya rarrabe su shi ne, ɗaya ana jin kunyar a jefa shi cikin haɗari, ɗayar kuwa an san ba ta da bakin da za ta ce a'a, kuma akwai kwangilar da ranar kai ta ta matso.

Hujjar da babu gara ba daɗi ta ginu ne a kan zaɓi, cewa ma'aikaciya ta auna, ta ga aikin ya fi mata, ta yarda. Amma yarda tana da sharuɗɗa, kuma wannan ba sabon ilmi ba ne, malaman fiƙihu sun daɗe da cewa cinikin da aka yi da tilas ba ya lizimtar wanda aka tilasta, haka ma wanda aka ɓoye aibin kaya a cikinsa. Wadda ta karɓi aiki a kan taka 3,000 a wata, kimanin dala 38, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi a lokacin, ta san abin da ta karɓa, ta iya ƙirga shi. Ba ta da hanyar sanin ƙarfin ginshiƙi ko yawan rodin da ke cikinsa. Ranar da ta gani da idonta ta ce ba za ta shiga ba kuwa, sai aka riƙe mata albashin da ta riga ta yi wa aiki. Mutum na iya yarda cewa ta zaɓi aikin, ba tare da ya yarda cewa ta zaɓi shiga benen a wannan safiya ba.

Kuma kada a ɗauka wannan tsautsayi ne na rana ɗaya. Wata biyar kafin nan, a Nuwamba 2012, gobara ta tashi a masana'antar Tazreen a wajen Dakka, mutum aƙalla 112 suka mutu, waɗanda suka tsira suka ce da ƙararrawa ta kaɗa an ce musu su koma kan kekunansu, ƙofofi kuma a kulle. A Satumba na wannan shekara gobarar masana'antar Ali Enterprises a Karachi ta ƙasar Pakistan ta ci fiye da mutum 250, 'yan makonni bayan masu bincike na haya sun ba ta takardar shaidar cika ƙa'ida. In muka koma baya shekara ɗari, a 25 ga Maris 1911, gobarar masana'antar riguna ta Triangle a birnin Niyu Yok ta kashe mutum 146, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da 'yan Italiya, nan ma ƙofa a kulle don kada a saci ƙyalle ko a fita hutu. Kulle ƙofa ba ya cikin abin da talaucin ƙasa ke tilastawa. Kwaɗo saya ake yi, barin ƙofa a buɗe kuwa ba ya cin ko kwabo.

A nan ne nake ganin masu kariyar suka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Ƙarancin lada, wani ɓangarensa gaskiya ne talauci ke kawo shi. Inda mutane suka yi yawa aiki ya yi kaɗan, lada zai faɗi, kuma in aka ce sai mai ɗinkin Dakka ta karɓi albashin mai ɗinkin Jamus, kwangilar za ta tashi ta koma wata ƙasa. Na yarda da wannan, ko da yake shi ma an yi masa ƙari. Ann Harrison da Jason Scorse sun bi diddigin abin da ya faru a Indunusiya cikin shekarun 1990, lokacin da aka matsa wa kamfanonin takalma irin su Nike lamba, suka tarar lada ya tashi sosai a masana'antun da abin ya shafa, manyan cikinsu ba su rage ma'aikata a zo a gani ba, ribarsu ce ta ragu, ko da yake wasu ƙanana sun rufe. Watau tsakanin ladan da ake biya da ladan da zai kori kwangila akwai fili, kuma ja-in-ja ne ke nuna wanda zai ci filin. Amma ko mun bar maganar lada gaba ɗaya, matakalar fita, da wayar lantarki mai kyau, da ginshiƙi mai ɗaukar nauyinsa, kuɗinsu ƙalilan ne in an raba shi a kan yawan kayan da ake ɗinkawa. Wata ƙungiyar kula da haƙƙin ma'aikata a Amurka ta ƙiyasta a wancan lokaci cewa gyaran masana'antun ƙasar duka zai ci dala biliyan 3 cikin shekara biyar, abin da bai wuce kimanin santi 10 a kan kowace riga ba.

Ita kanta maganar cewa aikin masana'anta kullum ya fi abin da talaka ya baro, ba ko'ina take tabbata ba. Christopher Blattman da Stefan Dercon sun yi gwaji a Habasha da masu neman aiki kusan 1,000 a masana'antu biyar, aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su aikin, wasu aka ba su jari da ɗan horo, wasu aka bar su. Sakamakon da suka buga a 2018 ya ba su kansu mamaki. Waɗanda suka sami aikin ba su fi waɗanda aka bari samun kuɗi ba bayan shekara guda, yawancinsu sun bar aikin da kansu, kuma matsalar lafiya ta fi yawa a cikinsu. Masana'anta tana iya zama tsani ga ƙasa, kamar yadda ta zama ga Koriya, ba tare da ta zama alheri ga kowane mutum da ya taka ƙofarta ba.

To, wa ke da alhaki? Bayan rushewar, an tono ƙyallayen sunayen kamfanoni daga cikin ɓaraguzai, irin su Primark na ƙasar Ireland da Joe Fresh na Kanada, Benetton na Italiya ma daga baya ya amsa cewa an yi masa ɗinki a can. Amsar da manyan kamfanoni suka saba bayarwa ita ce, mu ba mu da masana'anta, saye kawai muke yi, ma'aikatan nan ba namu ba ne. A shari'ance sau da yawa haka ne. Amma ku lura, wannan shi ne tsarin ɗan tsakiyar Landan na ƙarni na 19, an dai shimfiɗa shi ne a kan teku. Mai saye shi ke yanka farashi, shi ke sa ranar kai kaya, shi ke cin tara in an makara, shi ke aiko mutum ya auna tsawon hannun riga da yawan ɗinki a kowane inci. Wanda ke da ikon mayar da kaya saboda maɓalli ya karkace, ba zai ce ba shi da ikon tambayar ko ginin zai tsaya ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Wannan bai wanke mai benen ba, bai wanke masu masana'antun ba, bai kuma wanke jami'an da suka sa hannu ko suka kau da kai ba. Alhakin ya rabu gwargwadon ikon da kowa yake da shi, kuma mai ɗinki ce kaɗai a cikin jerin da ba ta da ko kaɗan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi kome amfani ga mai nazari, domin an gwada maganar a aikace. A watan Mayu 2013 aka sa hannu a kan wata yarjejeniya ta kiyaye gobara da amincin gini, tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago na duniya da na Bangaladesh da kamfanonin saye, waɗanda yawansu ya haura 200, ciki har da H&M da Inditex mai kantunan Zara. Bambancinta da alkawuran baya shi ne ana iya kai kamfani gaban masu sulhu a tilasta masa cika ta, injiniyoyi masu zaman kansu ke bincike, ana buga rahoton kowa ya gani, masana'antar da ta ƙi gyara a daina saye daga gare ta, ma'aikaci kuma yana da damar ƙin shiga wurin da yake ganin haɗari ba tare da an taɓa albashinsa ba. Walmart da Gap na Amurka suka ƙi shiga, suka kafa nasu tsarin, wanda ya ƙare a 2018. An bincika masana'antu fiye da 1,600 a ƙarƙashin yarjejeniyar, an gyara mafi yawan aibobin da aka gano, mace-mace a masana'antun tufafin fitarwa suka ragu ƙwarai. Sana'ar kuwa ba ta gudu ba. Tufafin da ƙasar ta sayar waje sun tashi daga dala biliyan ashirin da 'yan kai a 2013 zuwa fiye da biliyan 30 kafin ƙarshen shekarun goman. Waɗanda suka ce gyara zai kashe aikin, lissafinsu bai fita ba.

Akwai kuma shaida ta ɗaya gefen. A Yuli 2021 gobara ta tashi a masana'antar abinci da lemo ta Hashem a Rupganj, wadda ba ta cikin yarjejeniyar domin ba tufafi take yi ba, mutum fiye da 50 suka mutu, cikinsu har da yara, an kuma tarar da ƙofar fita a kulle. Ƙasa ɗaya ce, shekara takwas bayan Rana Plaza. Inda idon baƙo ke kallo an gyara, inda ba ya kallo an bar shi ga sufetan gwamnati.

Wannan ya kawo ni ga ma'aikatan gwamnati da ke cikin wannan zaure. Ingila ta yi dokokin masana'antu tun 1802, amma ba su yi tasiri ba sai da dokar 1833 ta naɗa sufetoci huɗu masu ikon shiga masaƙa su duba. Bayan gobarar Triangle, jihar Niyu Yok ta kafa hukumar bincike wadda ta haifar da dokoki fiye da 30, kuma Frances Perkins, wadda ta ga gobarar da idonta daga titi, ita ce ta zama ministar ƙwadago ta Amurka a 1933. Masu cewa ƙasashen Turai ma ta wannan hanya suka bi, sukan manta su ƙara da cewa ba arziki kaɗai ya fitar da su ba, sai da aka yi yajin aiki, aka yi doka, aka kuma sami mai ɗaukar littafi ya je ya duba ƙofa. Nijeriya tana da dokar masana'antu ta 1987 mai tanadin sufetoci da hanyar fita lokacin gobara. Duk da haka a watan Yuni 2020 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Kano, inda aka tsare su watanni ba fita tun farkon kullen annobar korona. Shinkafar nan ba Bature aka sarrafa wa ba, ba kuma wata yarjejeniyar duniya da za ta leƙa wurin.

Ban ce an gama da Bangaladesh ba. Yarjejeniyar gini ta gyara, ba ta taɓa lada ba, ba ta kuma taɓa farashin da masu saye ke yankawa ba. Asusun diyyar waɗanda Rana Plaza ta rutsa da su, dala miliyan 30, sai a Yuni 2015 ya cika, bayan an yi ta roƙon kamfanoni fiye da shekara biyu. Da annobar korona ta zo a 2020, kamfanonin saye suka soke ko suka dakatar da kwangilolin da suka kai kimanin dala biliyan 3, har da kayan da an riga an ɗinka, asarar ta gangaro kan ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa taka 5,300 a ƙarshen 2013, ya kai 8,000 a 2018, sa'an nan 12,500 a ƙarshen 2023, alhali ma'aikata 23,000 suka nema, kuma sai da aka yi zanga-zanga aka rasa rayuka kafin a kai ga wannan ɗin ma. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shigar da aminci da lafiyar wurin aiki cikin haƙƙoƙin asali na ma'aikaci, a 2023 kuma aka fara aiwatar da irin yarjejeniyar Bangaladesh a Pakistan. Shi kuwa Sohel Rana, an kama shi kwana huɗu bayan rushewar yana dab da ƙetarawa Indiya, an gurfanar da shi da wasu mutum wajen 40 a 2016, aka dakatar da shari'ar kisan shekara biyar, sai a 2022 kotu ta koma sauraron shaidu.